Atomatik ko manuwal: Gardamar da kasuwa ta yanke ba da shawararmu ba

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun masu motoci da bakin garejin kanikawa da tashoshin mota: tsakanin mota atomatik, wadda ke sauya giya da kanta, da manuwal, wadda direba ke taka kuloci ya sauya da hannunsa, wace ce ta fi? Galibi dattawa da direbobin haya ne ke tsaya wa manuwal, matasa da ma'aikatan ofis su tsaya wa atomatik, a yi ta ja-in-ja har a kira sallah a watse, kowa na kan bakansa. Da abin ya tsaya a hira, da ban ɓata lokacin mai karatu a kai ba. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin shekarar 2024 ta ƙare. Darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. A irin wannan hali, magidancin da ya tara kuɗin shekaru ya sayi mota ba shi da damar yin kuskure, domin giyabos guda idan ya mutu yana iya lashe masa albashin watanni.

Ya kamata mu fara da tunawa cewa Najeriya ƙasar manuwal ce a da. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen kuma a Legas, koyon mota da koyon kuloci abu ɗaya ne. Wanda ya girma a zamanin 504 ya san cewa gwanintar direba ana gane ta ne a yadda yake tashi a kan hawa ba tare da motar ta ja da baya ko ta mutu ba. Ko da tattalin arziki ya taɓarɓare aka koma ga motocin hannu daga Turai, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, yawancinsu manuwal ne, saboda Turawan can ma ita suke hawa. Abin ya sauya ne da akalar kasuwar ta karkata zuwa Amurka. A can kamfanin General Motors ya fitar da giyar atomatik ta Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, kuma tun daga lokacin Amurkawa suka rungume ta, har ta kai yau sababbin motoci manuwal da ake sayarwa a ƙasar ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. To, Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander da suka cika titunan Abuja daga can akasarinsu suke fitowa, bayan masu su sun gama yayinsu. Saboda haka ba zama muka yi muka auna muka zaɓi atomatik ba. Abin da jirgin ruwa ya sauke a Legas shi muka samu a wajen dillalai, shi muka saya. Turai ma yanzu ta bi sahu, motocin lantarki kuwa ba su da kuloci ko kaɗan. Rijiyar da muke ɗebo manuwal a cikinta tana ƙafewa, ko mun so ko mun ƙi.

Babbar hujjar masu manuwal ita ce shan mai, kuma hujja ce da ke da asali. A manuwal, faranti ne ke manne inji da giyabos kai tsaye, ƙarfe da ƙarfe. A atomatik irin ta da, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos, kamar a kafa fanka biyu suna fuskantar juna, ɗaya tana juyawa iskarta na juya ɗayar. Dole wani ɓangare na ƙarfin ya salwanta ya koma zafi. Ga shi kuma giyoyinta uku ne ko huɗu, alhali manuwal tana da biyar, don haka injin atomatik ya fi wahala a kan doguwar hanya. Sai dai masu ƙera motoci sun daɗe da toshe wannan ɓaraka. Sun sa wani kuloci a ciki da ke kulle ɓangarorin biyu da zarar mota ta miƙe, sun ƙara yawan giyoyi zuwa shida, takwas, wasu ma goma, kuma kwamfuta ce ke lissafin lokacin sauyawa. A motocin zamani atomatik tana yin kunnen doki da manuwal wajen shan mai, a wasu ma ta fi ta tsimi.

Amma a nan dole in yi wa masu manuwal adalci. Motar da talaka ko matsakaicin ma'aikaci ke iya saya a yau ta shekara 15 ce ko 20, mai giya huɗu ko biyar, wadda ta riga ta ci dubban kilomitoci. A irin waɗannan har yanzu manuwal tana da ɗan rinjaye. Ɗan rinjaye na ce, domin bambancin bai kai wanda ƙafar direba ke haifarwa ba. Mai manuwal da ke jan lamba biyu tun daga Berger har Wuse, yana danna totur yana taka birki, ya fi mai atomatik mai natsuwa ƙona fetur. Taya marar isasshiyar iska, da toshewar matacin iska, da tsofaffin fulogi, kowannensu yana iya cinye ribar da ake taƙama da ita.

Maganar mai ta kawo ni ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin direbobin haya, wato sa mota a firi idan an zo gangara, wasu ma har su kashe inji, wai don tsimin fetur. A zamanin kafireto akwai ɗan abin da ake tsira da shi. A motocin da kwamfuta ke auna musu mai kuwa, idan mota tana cikin giya kuma direba ya ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar kan yanke man gaba ɗaya, tayoyi su ci gaba da juya injin. Idan aka cire giya, sai injin ya koma shan mai don kada ya mutu. Ke nan mai sa firi bai tsira da komai ba, kuma ya zubar da abin da ya fi mai daraja: riƙon da inji ke yi wa mota. Ya bar nauyin fasinjoji da kaya duka a kan birki, birki kuwa idan ya ɗauki zafi sai ya daina kamawa. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos, ko gangaren da ke tsakanin Akwanga da Lafiya, ko saukowa daga tsaunin Mambila, ya san irin rayukan da wannan lissafi ke jefawa cikin haɗari saboda man da bai cika kofi ba.

Inda atomatik ta yi zarra ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ke kwana a Mararraba ko Nyanya yana aiki a cikin Abuja. A cunkoson safe da na yamma mutum zai taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ya isa AYA. Gwiwar hagu ta gaji, kuloci ya yi ta cin wuta, hankali ya rabu tsakanin hannu da ƙafa da 'yan acaɓa da masu tsallaka titi. Mai atomatik birki kawai yake saki yana takawa. Akwai kuma waɗanda ita ce kaɗai ƙofarsu ta tuƙi: dattijon da ciwon gwiwa ya kama, wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa, wanda ya rasa ƙafar hagu a hatsari. Shi ya sa ba na jin daɗin ba'ar nan da ake yi cewa atomatik motar mata ce ko ta malalata. Ba'a ce ta rashin tunani, kuma masu yin ta da yawa, idan Allah Ya buɗa musu, Lexus suke saya su manta da kuloci. Gwanintar tuƙi tana wajen lura da hanya, da tazarar da ka bari tsakaninka da na gabanka, da haƙurin da kake yi a mahaɗa. Sauya giya ƙaramin ɓangare ne na aikin.

Manuwal kuwa ƙarfinta yana bayyana ne a ranar da abu ya lalace. Batir ya mutu a ƙauye da asuba, sai a kira samari huɗu su tura, a sa lamba biyu, a saki kuloci, mota ta tashi. Atomatik ba ta san wannan ba, sai an samo wani batirin. Manuwal idan ta tsaya a hanya ana iya ɗaura mata igiya a ja ta zuwa gari na gaba. Atomatik idan aka ja ta nesa tayoyinta na ƙasa inji a kashe, famfon da ke zagaya da mai a cikin giyabos ba ya aiki, sai kayan ciki su yi ta gugar juna a bushe. Mutane da dama sun ja mota saboda matsalar da ba ta taka kara ta karya ba, suka isa gareji da mataccen giyabos. Sannan abin da ya fi lalacewa a manuwal farantin kuloci ne da abokan aikinsa, kuma babu garin da za a rasa bakaniken da zai sauya su cikin yini ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa direbobin Golf da Sharan da bas-bas ɗin Hiace da ke zirga-zirga tsakanin jihohi suka fi natsuwa da manuwal, har wasu kan sayi mota atomatik su kai a cire giyabos ɗin a mayar da ita manuwal. Mutumin da abincin iyalinsa ya rataya a kan mota ta fita kullum, da lodi fiye da kima, a kan hanya mai ramuka da zafin rana, ya san abin da yake yi. Lodi da zafi su ne manyan maƙiyan atomatik.

Sai dai a ganina duk wannan gefen maganar ne. Ainihin matsalar ita ce motocinmu sun sauya, amma ilimin gyaransu da na tuƙa su bai bi su ba. Har yanzu a gareji da yawa man giyar atomatik suna ɗaya gare shi, jan mai, kuma duk wanda ya zo hannu shi ake ɗurawa. Alhali kowane kamfani da irin nasa. Toyota tana da T-IV na tsofaffin motocinta da WS na waɗanda suka biyo baya, kuma ba a musanya su. Honda tana da nata, DW-1. Nissan tana da NS-2 da NS-3 na wani nau'in giyabos da ake kira CVT, wanda ba shi da giyoyi masu haƙora a jere, sai bel na ƙarfe da ke gudana tsakanin wasu gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Wannan nau'in yanzu yana cikin Corolla da Accord da yawa da ake shigowa da su daga Amurka, na shekarun 2014 zuwa sama, wato ainihin motocin da masu sayen na hannu ke hanƙoro a yau. Idan aka zuba wa CVT jan mai na gama-gari, bel ɗin zai fara zamewa, kuma ba a daɗe ba sai mota ta zauna. Daga nan sai a ce ai motar ce ba ta da ƙarko, ko kuma ba ta dace da ƙasarmu ba. Ƙari a kan haka ga jabun mai da ke yawo a kasuwa cikin galan mai kyan gani, wanda ko bakanike mai gaskiya yana iya faɗawa tarkonsa.

Haka abin yake wajen gano cuta. Giyabos na zamani kwamfuta ce ke ba shi umarni, ta hanyar ƙananan na'urori masu auna gudu da zafi da masu buɗe hanyoyin mai. Guda ɗaya daga cikinsu idan ta lalace, ko waya ta tsinke, mota tana iya maƙalewa a giya ɗaya ko ta riƙa fizga. Wanda ke da na'urar gwaji kuma ya iya karanta abin da ta nuna zai gano wannan cikin mintuna, a sauya abu ƙarami. Wanda ba shi da ita hukunci ɗaya ya sani: giya ta mutu, a nemo tokumbo daga Apo ko Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka. Shi kuma tokumbon ba wanda ya san tarihinsa, garantinsa kwana kaɗan ne, ga kuɗin aiki. Idan asalin cutar tana cikin waya ko lagireto, sabon ma zai bi sahun tsohon. Na ambaci lagireto ne domin a motoci da yawa ta cikinsa man giya ke bi ya huce, don haka injin da ke yawan zafi yana dafa giyabos a hankali ba tare da mai motar ya sani ba.

Ba ina ɗora wa kanikawa laifi ba ne. Yawancinsu sun koyi sana'ar ne a hannun ubangidan da ya koya a kan 504, kuma da basira da ƙarancin kayan aiki suke riƙe da motocin ƙasar nan a kan hanya. Ba wanda ya zo ya koya musu sabon abu, na'urar gwaji mai kyau tana da tsada, littattafan gyara kuma da Turanci suke. Nan ne ya kamata hukumomi su shigo. Akwai Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, akwai Asusun ITF na horas da ma'aikata, akwai kwalejojin fasaha a jihohi, akwai kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA da ke da rassa a garuruwa. Abin da ake buƙata horo ne a cikin garejin, da yamma bayan an tashi aiki, da Hausa da sauran harsunan da kanikawan ke ji, tare da rancen sayen na'ura da ƙungiya za ta tsaya wa. Taron kwana biyu a otal da rabon takardar shaida ba zai gyara giyabos ko ɗaya ba. Ita kuma Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, yaƙi da jabun mai aikinta ne, kuma mai mota ba shi da hanyar gane na jabu da ido.

Ɓangaren tuƙi ma haka. Da yawa daga masu atomatik haruffa uku suka sani, P da R da D. Ba su taɓa tambayar amfanin L ko 2 da ke ƙasa ba, ko alamar ƙari da ragi da ke gefe, alhali su ne ke ba inji damar riƙe mota a doguwar gangara, daidai da yadda mai manuwal ke komawa lamba biyu ko uku. Wasu suna jefa mota a ribas kafin ta gama tsayawa. Wasu suna ajiye ta a kan tudu a P ba tare da jan birkin hannu ba, su bar nauyin mota duka a kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce yatsa ba. Wasu suna tuƙi da ƙafa biyu, ɗaya a birki ɗaya a totur, ranar da suka firgita su danne duka. Sauƙin atomatik ya sa mutum kan ɗauka ya iya mota cikin kwana uku, ya hau babban titi bai san komai game da ita ba.

A Birtaniya, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik lasisinsa na atomatik ne kawai. Idan yana son tuƙa manuwal sai ya sake jarrabawa. A nan lasisin mota ƙarama bai bambanta ba, don haka wanda bai taɓa taka kuloci ba yana da izinin ɗaukar motar haya manuwal ya cika ta da fasinjoji. Ina ganin lokaci ya yi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an VIO za su duba wannan, aƙalla ga masu neman lasisin tuƙin haya. Makarantun koyon tuƙi kuma a wajabta musu koyar da saukowa gangara da giya a kowane nau'i. Na san za a ce inda ake samun lasisi ba tare da an zauna a bayan sitiyari ba, wace doka ce za ta yi aiki? Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta gyara jarrabawar ne.

Idan aka matsa mini in faɗi zaɓina, ga shi. Mazaunin birni da ke fama da cunkoso kullum, wanda ke da bakaniken da ya san aikin kuma zai iya sayen man da ya dace a kan lokaci, ya sayi atomatik hankalinsa kwance. Idan ya tashi sayarwa ma ita ta fi saurin samun mai saye. Wanda aikinsa hanyar ƙauye ne, ko haya, ko ɗaukar kaya, ko kuma wanda kuɗinsa suka ƙare a wajen sayen motar ba shi da na ko-ta-kwana, manuwal ta fi rufa masa asiri muddin ana samunta. Wanda kuwa zai fara koyo, ya koya da manuwal idan da hali, domin daga ita zuwa atomatik aikin yini ɗaya ne.

Ga mai shirin sayen atomatik ta hannu, akwai abin da ya fi launin fenti da ƙarar rediyo muhimmanci. Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka a wajen gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan hatsari ko ambaliya, kuma ruwa idan ya shiga giyabos ɓarnarsa ba ta nunawa nan take. A nemi tarihin motar da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17. A duba man giya idan motar tana da sandar dubawa: wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna alama ce ta wahala, wanda ya yi kama da madara ruwa ne ya gauraya da shi. A taka birki a sa D, a koma R, a lura ko tana jinkiri ko bugawa kafin ta kama. Kada a yarda da zagaye ɗaya a harabar dillali, domin giyabos mai ciwo yakan yi lafiya lau da sanyi, sai ya ɗauki zafi halinsa ke fitowa. A fita da ita babban titi na aƙalla rabin sa'a, a hau tudu, a shiga cunkoso, sannan a sa na'urar gwaji a hannun bakaniken da mai saye ya zo da shi da kansa, kafin a biya ko sisi.